Sharhin Jarida da Tallar Sabon Littafi: Matsayin Ƙaramin Kamfanin Ɗab'i a Ƙasar Hausa

 

 

Batun wannan lacca shi ne yadda labarin sabon littafi yake isa ga mai karatu idan ƙaramin kamfanin ɗab'i ne ya fitar da shi, da kuma rawar da sharhin jarida yake takawa a wannan tafiya. Abin da ake nufi da ƙaramin kamfanin ɗab'i shi ne wanda ma'aikatansa ba su wuce 'yan ƙalilan ba, wanda sau da yawa mai shi ne edita, shi ne mai tace rubutu, shi ne kuma mai ɗaukar littafi zuwa kasuwa. Ya bambanta da maɗaba'a, domin ita maɗaba'a aikinta ya ƙare da zarar ta buga ta ɗinke ta karɓi kuɗinta, shi kuwa kamfanin ɗab'i a lokacin ne rabin aikinsa na biyu yake farawa. Hujjar da laccar take son kafawa ita ce, tunda irin wannan kamfani ba shi da kuɗin da zai saye shafukan jarida, babban jarinsa shi ne shaidar da wasu za su yi wa littafinsa, kuma wannan shaida ba ta da wata daraja sai idan mai bayar da ita yana da 'yancin ya yaba ko ya kushe. Za a bi batun ta matakai bakwai.

Na ɗaya: bambanci tsakanin talla da sanarwa da sharhi

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Talla ita ce maganar da kamfani yake biyan kuɗi a buga ko a karanta, kuma shi ne yake zaɓar kalmominta, saboda haka mai karatu ya san daga bakin mai kaya ta fito. Sanarwa ita ce labarin cewa littafi kaza ya fito, wane ne ya rubuta shi, a kan me yake magana, kuma a ina ake samunsa, wadda jarida take bugawa kyauta idan ta ga akwai labari a cikinta. Sharhi kuwa hukunci ne na wanda ya karanta littafin daga bango zuwa bango, ba shi da hannu a cikin ribarsa, sannan ya bayyana wa jama'a abin da littafin ya yi niyyar yi, da inda ya cim ma niyyarsa, da inda ya gaza.

A cikin ukun nan talla ce ta fi tsada, sharhi kuma ya fi tasiri, kuma dalilin a bayyane yake, domin mai gishiri ba ya cewa gishirinsa lami ne, mai saye kuwa ya san da haka. Wa zai fitar da kuɗinsa a wannan zamani na tsadar rayuwa don kawai wanda ya buga littafi ya ce littafin yana da kyau? Amma idan malamin da aka sani da tsantseni ya rubuta cewa babi uku na farko sun ginu sosai, na ƙarshe kuwa an yi masa gaggawa, mai karatu zai gaskata yabon saboda ya ga sukar a gefensa.

Na biyu: zamanin da hukuma take ɗauke da nauyin yaɗa littafi

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun fara ne a hannun hukuma. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, daga 1953 zuwa 1959 hukumar NORLA ta yi aikin samar da abin karantawa ga ɗaliban Yaƙi da Jahilci, sannan a 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya.

Abin lura a wannan tsari shi ne, gida ɗaya ne yake buga littafi, yake buga jaridar da za ta ba da labarinsa, kuma gwamnatin da ta kafa gidan ita ce take da makarantun da za su saye shi. Littafin da ya shiga manhaja, wato jerin abubuwan da aka wajabta koyarwa a makaranta, ba ya buƙatar wani ya tsaya yana rarrashin masu saye, domin malami ne zai ce a kawo shi aji. Wannan ya ba littattafan farko tsawon rai, amma kuma ya sa al'adar sharhi mai zaman kansa ba ta yi ƙarfi da wuri ba, tunda ba a dogara da ita ba wajen sayarwa. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira ya kuma tsawwala kuɗin takarda, sai manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta, suka bar marubucin ƙagaggen labari ya san inda dare ya yi masa.

Na uku: yadda marubutan Kano suka tallata kansu

A cikin wannan giɓi ne marubuta suka zama masu buga littattafansu da kansu. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, suna cikin waɗanda suka nuna cewa akwai ɗimbin masu karatu, yawancinsu mata da matasa, waɗanda manyan kamfanoni ba su lissafa da su ba.

Dabarun da suka bi sun cancanci nazari, domin kusan dukkansu ba su buƙaci jarida ba. Sun mayar da littafin kansa allon talla, inda shafukan farko da na ƙarshe suke ɗauke da jerin littattafan marubucin da suka fito da waɗanda suke kan hanya, da sunayen shagunan da ake samunsu a garuruwa daban-daban. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda mambobinta suke tallata littattafan juna, ta yadda wanda ya sayi littafin mutum ɗaya zai ga sunayen littattafan sauran. Sun raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, suna yanke shi a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, don haka kowane kashi yake jawo ɗan'uwansa, kuma kuɗin na farko yake buga na biyu. Sun kai littattafai gidajen rediyo ana karantawa, abin da ya isar da labarin ga wanda bai iya karatun boko ba da matar da ke cikin gida. Ga kuma masu ba da hayar littattafai a unguwanni, da 'yan sarin da suke ɗauka daga Kano zuwa Sakkwato da Gusau da Jos, har su ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram.

Masu sayar da littattafai da suke zaune a wannan zaure sun fi kowa sanin cewa wannan tsari ya yi aiki. Sai dai yana da iyaka guda, wato ya iya sanar da mutane cewa littafi ya fito, amma bai iya bambance musu mai kyau da marar kyau ba, saboda duk maganar da ke cikin shafukan tallan nan daga bakin masu kaya take.

Na huɗu: muhawarar jaridu ta shekarun 1990

Hukuncin da ya fito daga waje ya zo ne da zafi. Tun daga farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki wannan sabon rubutu a jaridar Nasiha, yana ganin ya karkata ga soyayya da kwaikwayon baƙin al'adu, kuma shi ne ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da ƙananan littattafan da aka taɓa bugawa a kasuwar Onica. Marubuta da manazarta irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu sun shiga muhawarar, wadda zuwa ƙarshen shekarun ta koma shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, inda aka daɗe ana kai gwauro ana kai mari.

To, me wannan muhawara ta jawo wa littattafan da aka soka? Shin ta kashe su? Abin da ya faru shi ne ta fitar da su daga shagunan kasuwa ta shigar da su zauren jami'a. Ɗalibai suka fara rubuta kundayen digiri a kansu, Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ya tara ɗaruruwansu don nazari, Brian Larkin da Novian Whitsitt suka yi rubuce-rubuce a kansu a ƙasashen waje. A shekarar 2012 wani ƙaramin kamfani mai suna Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, fiye da shekara ashirin bayan fitowar littafin da Hausa. Darasin da ke nan shi ne, sukar da aka yi da hujja ta fi shiru amfani ga littafi nesa ba kusa ba, domin littafin da ake gardama a kansa ana nemansa a karanta, wanda kuwa ba wanda ya tanka masa, ƙura ce take cinye shi a kan kanta.

Na biyar: bikin ƙaddamarwa da yabon da aka saya

A yau abin da yawancin ƙananan kamfanoni suke ɗauka a matsayin tallar littafi shi ne bikin ƙaddamarwa. Ana kama zaure, a gayyaci uban taro da babban mai ƙaddamarwa da manyan baƙi, a kira wani masani ya yi bitar littafin a gaban marubucin da iyalinsa, sannan masu hali su sayi kwafi kaɗan a kan kuɗi mai yawa. Ba laifi ba ne, domin sau da yawa da wannan kuɗi ake biyan bashin maɗaba'a. Amma ya kamata a kira abin da sunansa, wato taron tara gudummawa. Mutum nawa ne cikin waɗanda suka yi alkawarin miliyoyi a irin wannan taro suke buɗe littafin bayan sun koma gida? Kuma wane mai bita ne zai tsaya a gaban surukan marubuci ya ce tsarin labarin ya rushe a tsakiya?

Washegari jarida takan ba da labarin wanda ya halarta da abin da ya bayar, ba tare da jimla ko ɗaya a kan abin da littafin ya ƙunsa ba. Mafi muni daga wannan shi ne sharhin da aka biya kuɗi aka rubuta, ko wanda marubucin ya rubuta da kansa aka sa sunan abokinsa. Irin wannan yana iya sayar da kwafi kaɗan a karon farko, amma mai karatun da aka yaudara sau ɗaya ba zai sake yarda da shafin ba, kuma asarar tana komawa kan dukkan ƙananan kamfanoni, har da waɗanda ba su aikata ba, tunda shafin da za su dogara da shi ya zubar da mutuncinsa.

Na shida: abin da ya rataya a wuyan kamfani

Aikin yaɗa labarin littafi yana farawa ne tun kafin littafin ya fito daga maɗaba'a, domin mai sharhi yana buƙatar makonni ya karanta ya rubuta, edita kuma yana tsara shafinsa tun da wuri. Saboda haka manyan kamfanonin duniya suke aika kwafin gwaji watanni kafin ranar fitowa, kuma babu abin da zai hana ƙaramin kamfani ya ware wasu kwafi daga cikin bugun farko don wannan manufa, ya lissafa su a cikin kuɗin aiki kamar yadda yake lissafa takarda da tawada.

Tare da kowane kwafi sai a haɗa takardar bayani mai shafi ɗaya, wadda take ɗauke da sunan littafi da na marubuci da taƙaitaccen tarihinsa, da abin da littafin ya ƙunsa cikin 'yan jimloli ba tare da kirari ba, da yawan shafuka da farashi da wuraren sayarwa, da lambar ISBN. Wannan lamba, mai alƙaluma 13, ita ce shaidar da ake gane kowane littafi da ita a duniya, kuma a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita, shi ne kuma dokar 1970 ta wajabta wa kamfani mai zaman kansa ya ajiye masa kwafi uku na duk abin da ya buga. Littafin da ba shi da wannan lamba yana wahalar shiga kundin ɗakunan karatu da manyan shaguna.

Sannan a zaɓi wanda za a aika wa da lura. Littafin waƙoƙi ya tafi ga wanda ya san karin waƙa da amsa-amo, littafin tarihi ga masanin tarihi, littafin yara ga malamin firamare. Jaridu irin su Aminiya da Leadership Hausa, da shirye-shiryen adabi na gidajen rediyo, da sassan koyar da Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, duk ƙofofi ne da ake ƙwanƙwasawa ba tare da an biya ko kwabo ba. Gasa ma hanya ce, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da littafin Abubakar Adam Ibrahim, wanda ƙananan kamfanonin Parrésia da Cassava Republic suka buga, ya ci kyautar adabi ta NLNG mai darajar dala 100,000, kuma a shekarar ce Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata, wadda ta fito da sunayen marubuta mata da dama.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne littafin ya kasance a kasuwa a ranar da sharhin ya fito. Ina amfanin a kwaɗaita wa mutumin Katsina littafi, ya zaga shagunan garinsu bai same shi ba? Bayan mako guda ya manta da shi. Idan kuma sharhin ya zo da suka, abin da ya dace da kamfani shi ne ya yi godiya, ya gyara kurakuran a bugu na biyu, ya sake aika wa mai sukar littafi na gaba.

Na bakwai: haƙƙin mai sharhi da sabbin kafafe

Shi ma mai sharhi yana da nasa nauyin. Wajibi ne ya karanta littafin gaba ɗaya, ya auna shi da abin da ya yi niyyar zama, ya kawo misali daga cikinsa a kan kowane yabo da kowace suka, ya bar mutuncin marubuci da rayuwarsa a gefe, kuma idan akwai zumunci ko abota ko ciniki tsakaninsa da marubucin ya bayyana, ko ya bar wa wani aikin. Editoci kuma su tabbatar da shafin adabi mai fitowa a kan kari, su riƙa biyan mai sharhi daga aljihun jarida, domin duk wanda jarida ba ta biya ba, akwai haɗarin marubuci ne zai biya shi.

Intanet ta sauƙaƙa rabin wannan aiki. A yau marubuciya tana iya sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, ta ji ra'ayin masu karatu a daren, wasu kuma suna karanta littattafai da murya a YouTube. Wannan ci gaba ne na tsohuwar dabarar kashi-kashi da karatun rediyo. Sai dai yawan masu danna alamar so ba hukunci ba ne, kuma dandalin da ba na mutum ba yana iya rufewa, kamar yadda manhajar OkadaBooks ta daina aiki a 2023 bayan kimanin shekara goma. Don haka ya kamata kamfani ya adana duk sharhin da aka yi wa littattafansa, da sunan jarida da ranar fitowa, ya ɗauko gaskiyar abin da aka faɗa ya sa a bangon bugu na gaba ba tare da ya yanke maganar ta yadda za ta sauya ma'ana ba.

Kammalawa

Tarihin ɗab'in Hausa ya nuna matakai uku: lokacin da hukuma take buga littafi ta kuma saye shi, da lokacin da marubuta suka gina kasuwarsu da dabarunsu, da lokacin da muhawarar jaridu ta ɗaga darajar abin da suka rubuta. Abin da ya yi ƙaranci har yanzu shi ne sharhi na yau da kullum, mai zaman kansa, wanda zai tari kowane sabon littafi a watan fitowarsa. Kira ga masu kamfanoni shi ne su ware kwafin sharhi su kuma jure suka, ga editoci su buɗe shafi su biya masu rubuta shi, ga malaman jami'a kuma su riƙa rubuta wa jarida da Hausar da kowa zai fahimta, kada nazarinsu ya tsaya a cikin kundayen da ke kulle a sassansu.